Wa Ke Riƙe Miki Wuri?

Ku yi min haƙuri da shirun da na yi muku. Wasu sun turo suna tambaya ko bikin aka yi ban gayyace su ba, wata ma har cewa ta yi na ci amanar masu karatu. Ba a yi komai ba. Tun ranar Asabar na kasa zama wuri guda. In na ɗauki waya zan rubuto sai in ajiye, in je in buɗe firiji in tsaya ina kallon kwalbar madara, in rufe, in sake ɗaukar wayar. Yau dai na ce ko me zai faru sai na amayar da abin da ke cina.

Ga waɗanda yanzu suka shigo, sunana Damaris. A Kissimmee muke, ni da Mami, mahaifiyata, a wani gida mai ɗaki biyu bayan shagon wanki. Ina aikin karɓar marasa lafiya a asibitin haƙori. Saurayina Efrain Maldonado, mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki, mun shekara muna tare. Sai kuma Maƙwabciya, wadda daga Mami sai likitana sai ku kuka san da ita. Ina shekara sha tara ciwon hanji ya kusa kai ni kabari, aka cire babban hanjin gaba ɗaya, aka fito da bakin ƙaramin ta gefen cibiyata, aka manna masa leda. Abin da kowa ke shiga banɗaki ya yi lokacin da ya ga dama, ni a nan yake taruwa lokacin da shi ya ga dama. Na sa mata Maƙwabciya ne don kullum tana manne da ni, ba ta da kunya, kuma ta fi son yin magana in wuri ya yi tsit.

Efrain bai san da ita ba.

Kar ku zaro ido, na san me za ku ce. Siket mai hawa har saman cibiya, riga mai faɗi, rungumar gefe irin ta 'yan coci, shi ke nan. Bakin teku kuwa na ce masa rana na ɓata min fata. Sau nawa na buɗe baki zan faɗa masa, sai muryar Mami ta faɗo min.

“Sai zobe ya shiga yatsa, nena, 'yata. Kafin nan ko kalma.”

“Mami, ai yaudara ce.”

“Yaudara? Wancan mai gemun akuyar da kika faɗa wa gaskiya, ina yake? Cewa ya yi zai kira ki. Ya kira? Ni na kwashe ki a ƙasan kicin ɗin nan kina kuka, ni na san abin da na gani.”

In ta kawo wannan sai in haƙura.

To, a nan saurayi da budurwa ba su da wurin hira da ya wuce Lambun Almara, babban filin wasanni mai lilo da jirage, wanda mu Lambu kawai muke ce masa. Kowa na da katin shekara. Ni kuma ina da abin da ya fi haka, ina da izinin masu lalura a cikin wayata. In muka zo wajen wani lilo ko jirgi, sai in danna, a ba ni lokacin da zan dawo. Jiran ɗaya ne da na kowa, sai dai ni ina yin nawa a inuwa, kusa da banɗaki, in lokaci ya yi mu shiga ta gajeriyar ƙofa. Ranar farko da Efrain ya tambaya, Mami ce ta riga ni. Ta ce ai ɗan ƙanwarta na aiki a ciki, shi ke yi mana alfarma. Ya yi dariya ya ce ashe babbar yarinya ya samo. Alfarmar ɗan uwa ba ta dame shi ba. Abin da ke tayar masa da jijiyar wuya shi ne masu izinin lalura. Akwai wani abokin aikinsa, ƙato lafiyayye, da ya yi ƙaryar ciwo ya samu, yake ta fariya da shi a wurin aiki. Tun daga nan Efrain ya yanke wa kowa hukunci.

“Dube su don Allah,” haka yake cewa in ya ga mutum na tafiya da ƙafarsa ya nufi gajeriyar ƙofa. “Mayaudara kawai.”

Ni kuwa sai in sa bakin kofina a baki in yi ta zuƙar ƙanƙara.

Da aka sanar an canja dokar bayar da izinin, shi ya fara turo min, har da hoton tafi. “An kama su! Yanzu sai an yi hira da mutum ta bidiyo. Mu ga ta inda za su bi.” Na mayar masa da hoton dariya.

Ba don wani abu ba da sai in ce na gaji da Lambu, mu koma sinima. Amma a satin ne Doña Migdalia, mahaifiyarsa, ta kira ni da kanta.

“Nena, Asabar mai zuwa za mu je Kogon Ruwa, mu duka. Ki gyara gashi, za a yi hoto.”

Duk wanda ya san gidan Maldonado ya san ma'anar wannan. Shekarar da suka baro tsibiri, Don Heriberto, mahaifin Efrain, ya kai ta Lambu, suka shiga layin Kogon Ruwa, jirgin nan da ke ratsa duhu ya faɗo da mutane daga sama. Suka yi wajen awa biyu a tsaye, ba ta yi tsaki ba, ba ta ce ƙafa ba. Da suka zo kwanar da aka girke gunkin kunkuru a cikin kogon, sai ya durƙusa ya nemi aurenta. Shi ke nan abu ya zama dokar gida. Yayyen Efrain biyu duk a gaban kunkurun nan suka durƙusa, bayan dangi sun bi layi tun daga wutsiya. Ba gajeriyar ƙofa, ba alfarma. Doña Migdalia ta sha faɗa a gabana cewa macen da za ta iya tsayuwa a layi da ɗanta har ƙarshe ita ce za ta iya zama da shi. Akwai wata da babban yayan ya fara kawowa, zafi ya ishe ta ta fice a tsakiya. Har yau ba sa kiran sunanta, Mai Fita suke ce mata, su yi dariya.

Duk da haka na nemi hirar bidiyon. Na ce ko ba komai in ina da izinin a hannu, in abu ya ɓaci zan san yadda zan lallaɓa. Na zauna a bakin gado da rana tsaka, na kulle ƙofa, na san sarai Mami na manne da ita ta waje. Wata mata ta fito a allon, mai gilashi, murya a sanyaye.

“Me ke hana ki tsayuwa a layi?”

Na faɗa mata komai. Yadda ledar ke cika ba sallama, yadda gumi ke narkar da gam ɗin ta ɓalle, yadda layin kogo ba shi da ƙofar fita. Ban taɓa faɗa wa baƙo wannan da bakina ba, kunnuwana har zafi suke yi. Ta saurara, ta gyaɗa kai, na ga alamar ta tausaya.

“Na ji ki, Damaris. Sai dai yanzu izinin na waɗanda ƙwaƙwalwarsu ba ta iya ɗaukar jira ne, irin lalurar da ake haihuwar mutum da ita. Ke akwai wata hanya. Ki sanar da ma'aikacin bakin layi. In buƙata ta taso ki fita, wani daga cikin 'yan rakiyarki ya riƙe miki wuri, ki dawo ki same shi.”

“In 'yan rakiyar ba su sani ba fa?”

Ta ce, “Sai ki faɗa musu.”

Nan Mami ta fara dukan ƙofa. “Ce mata kina suma! Ce mata in kin ga taro hankalinki gushewa yake yi!”

“Mami, in aka kama mutum ya yi ƙarya har abada ba ya ƙara shiga!”

“To ba ni ita in ji ko ita ba ta zuwa banɗaki!”

Na ba matar haƙuri na kashe. Na zauna ina mamakin kaina. Na ƙi yi wa baƙuwa ƙarya ta minti ɗaya, amma ga mutumin da nake so na shekara ina yi masa.

Ranar Asabar tun da safe Mami ta tsare ni a kicin, sanye da kayan aikinta na otal, don Asabar ba a ba ta hutu. Ta manna min sabuwar leda da kanta, ta zagaye ta da filasta, ta ba ni farar alewar nan mai taushi da ke sa hanji ya lafa. Ta shirya min 'yar jakar goyo: ledoji, almakashi, gam, tsumman goge jiki, turare.

“Kar ki ci komai. Ko ruwa kurɓa ɗaya. Awa biyu ce, kin yi wadda ta fi ta a gadon asibiti.”

“Sa min albarka, Mami.”

“Allah ya yi miki albarka, ya rufa asiri. Da ya durƙusa ki turo min.”

Na sa doguwar rigata shuɗiya mai tattara a ƙirji, wadda ke sauka ba ta taɓa ciki. Na tsaya gaban madubi na juya hagu na juya dama. Ko likitana ba zai ce ga inda take ba.

Muna isa filin ajiye motoci na ga abin da ya kashe min jiki. Gidan Maldonado gaba ɗaya cikin riguna ruwan ɗorawa iri ɗaya, an buga sunan gidan a baya. Doña Migdalia ta taho da tawa tana kaɗawa.

“Ƙarama na sa aka buga miki, ke da ba ki da jiki. Maza shiga mota ki canja, akwai gajeren wando a ciki.”

“Doña, ai wannan ɗin ma...”

“Kin fi mu ne?”

Na shiga na canja. Rigar ta kama ni tsam. Na ciro rigar sanyin da ke jakata na ɗaura a ƙugu, a wannan zafin. Matar babban yaya ta dube ni ta ce ko dusar ƙanƙara nake jira. Aka yi dariya, na taya su.

Sai aka buɗe bayan mota. Ba sa sayen abincin Lambu, a nan suke cin nasu a tsaye. Shinkafa da wake, gasasshiyar kaza, soyayyar agada. Wake, jama'a! Abin da rabona da shi tun kafin a yi min aiki.

“Na ƙoshi, Doña.”

“Tun asuba nake kan tukunyar nan. Efrain, budurwar taka ba ta cin abincin talakawa ne?”

Efrain ya matso ya raɗa min, “Ci ko kaɗan ne, kin san ta.” Na karɓa. Ta tsaya a kaina tana kallo har na ga bayan farantin. Allah ya sani ya yi daɗi, kuma kowace loma na san abin da nake saya wa kaina.

Za mu wuce sai Efrain ya zare jakar daga kafaɗata ya rataya.

“Bar ta, ba ta da nauyi,” na ce.

“Ba a ganin macen gidanmu da kaya a baya ina tsaye.” Ya kashe min ido. Ya yi aski, ya sha turare, aljihun wandonsa na dama ya ɗan yi tudu, sai taɓa shi yake yi. Zoben kakarsa ne, na wajen uwa, Doña ta taɓa nuna min shi. Tausayinsa ya kama ni, tausayin kaina ya fi.

A bakin layin akwai wata ma'aikaciya da ƙaramin allo a hannu. Ita ce ya kamata in sanar wa. Amma Doña Migdalia ta saƙale hannunta a nawa tana ba ni labarin ranar da aka durƙusa mata, wanda na ji ya fi a ƙirga. Na dubi yarinyar, ta yi min murmushi, muka wuce.

Rabin farko na layin a waje yake, yana lanƙwasa tsakanin ƙarafa, rana na dukan tsakiyar ka. Gumi ya fara bin bayana yana taruwa a ƙarƙashin rigar sanyin. Waya ta yi ƙara. Mami: “Yaya?” Na rubuta, “Lafiya.” Can kuma: “Kin ci wani abu?” Ban amsa ba. Don Heriberto na ta zolayar 'ya'yansa, yana cewa shi a zamaninsa ko fanka babu a layin nan. Ina dariya ina lissafin cikina. Maƙwabciya ta fara ƙananan maganganunta, na dinga tari ina rufe mata baki.

Da muka shiga kogon sai na ji sanyi-sanyi, na ce ko na tsira. Wurin matsattse ne, mutum biyu ba sa jerawa sai sun goga kafaɗa, fitilu ja-ja, ƙarar ruwa ta ko'ina. Mun yi nisa a ciki sai ga wani mutum, babba, yana kutsowa daga baya yana ba da haƙuri, zai koma wajen iyalinsa a gaba.

“Ga wani nan,” in ji Efrain. “An toshe musu can, sun ɓullo ta nan.”

“Ƙafa biyu, hannu biyu, kumatu kamar burodi,” in ji Doña. “Wai mara lafiya.”

Mutumin ya ji. Bai juyo ba, amma na ga yadda ya sunkuyar da kai. Na san wannan sunkuyon, nawa ne.

Na sa hannu a ƙarƙashin rigar sanyin. Ledar ta kumbura tam, iskar wake ta cika ta, gefe ɗaya na filastar ya ɗago. Na danne da tafin hannu ina addu'a. Ya Uban kowa, lanƙwasa biyu kawai suka rage, kwanar duwatsu da ta kunkuru. Muka sha ta farko. Na hango kan kunkurun. Matan yayye suka ciro wayoyi suna gyara tsayuwa. Doña ta fara share ido tun kafin a yi komai. Efrain ya goge tafinsa a wando.

Sai na ji ɗumi yana gangarowa ta gefen cikina.

Wata mata a bayanmu ta ja hanci. Don Heriberto ya dubi 'ya'yansa ya ce, “Wanene a cikinku? Waken uwarku ya fara aiki.” Suka tuntsire da dariya.

Ban san lokacin da na zare hannuna daga na Doña ba.

“Nena, ina za ki? Ga kunkurun nan!”

“Dama!” Efrain ya kira ni, haka yake taƙaita sunana.

Ban waiga ba. Na juya na fuskanci duk jama'ar da muka bari a baya, na shiga kutsawa. Yi haƙuri, ba ni hanya, yi haƙuri. Keken jarirai, jakunkuna, ƙafafu, tsaki. Hannuna ɗaya a ciki, ɗaya ina ture mutane. Layin da muka ci da kyar na sake cinsa da baya, na fito rana ta mare ni, na ruga banɗakin da ke bayan rumfar lemo, mai ɗaki guda wanda ake kullewa. Na datse ƙofa na kai hannu bayana in sauke jaka.

Babu jaka.

Na zame na zauna a kan murfin masai. Rigar ruwan ɗorawa ta ɓaci har ƙirji, wandon ma haka. Wayata ce kaɗai a aljihu, tana ta ƙara. Efrain ya kira, ya sake kira. Mami ta turo: “Ya durƙusa?” Na ɗauki hoton rigar na tura mata. Nan take ta kira.

“Kar ki motsa. Zan bar aikin in taho. Ki ce masa amai kika yi, ki ce kazar ce...”

“Mami, na gaji.”

“Damaris, ki saurare ni!”

“Na gaji, Mami. Sa min albarka.”

Ina jin numfashinta. Can ta ce, “Allah ya yi miki,” na kashe.

Na rubuta masa na goge, na rubuta na goge. Abin da na tura a ƙarshe shi ne: “Ina banɗakin bayan rumfar lemo. Ina buƙatar jakata. Kafin ka taho ka buɗe ta, ka duba abin da ke ciki da kyau. Ba ni da ɗan uwa a Lambu, ban taɓa yi ba. In ka ga ba za ka iya ba, ba wa wata ma'aikaciya ta kawo min, ba zan riƙe ka ba.”

Alamar ya karanta ta fito. Bai amsa ba.

Na tashi, na zauna, na buɗe famfo, na rufe. Na wanke abin da zai wanku da takardar goge hannu. Duk takun da na ji a waje sai in ce mace ce ko namiji. Na tuno Mai Fita, na ce baiwar Allah, wa ma ya san abin da ya fitar da ke?

Aka ƙwanƙwasa.

“Wanene?”

“Buɗe kaɗan.”

Shi ne. Na buɗe iya shigar hannu. Jakar ta shigo, zif ɗinta a buɗe. Sai hannun ya koma, na ji motsi, ya sake shigowa da riga ruwan ɗorawa, babba, da ɗumin jikinsa a jikinta. Na tsaya riƙe da ita ina kuka ba sauti.

Na gyara kaina tsaf, na manna sabuwa, na wanke wandon na matse na mayar, na zura rigarsa ta sauko min har cinya. Da na fito na same shi zaune a ƙasa ya jingina da bango, daga shi sai farar singileti, idonsa ja.

“Tun yaushe?”

“Tun kafin in san ka.”

“Yana ciwo?”

“A'a. Sai dai in ya ɓalle.”

Ya gyaɗa kai, ya dubi ƙasa. “Shekara guda ina tsaye kusa da ke ina kiranki mayaudariya, kina shan ƙanƙara.”

“Ba ni kake nufi ba.”

“Ke nake nufi, ban sani ba ne kawai. Kika bar ni ina yi.” Ya share fuska da tafinsa. “Ina jin haushinki, Dama. Ina jin haushin kaina fiye da haka. Ban san wanne zan fara da shi ba.”

“Me ka ce wa Doña?”

“Ban ce komai ba. Fita na yi.”

“Ka fita daga layin?”

“Ni ne na farko a gidanmu. Za su samo min suna.” Ya miƙo min wayarsa. Saƙon uwarsa ne: “Muna gaban kunkuru, muna barin mutane na wucewa. Ban motsa ba, ba zan motsa ba. Ku zo ku yi min bayani.”

“In kina so in kai ki gida, mota na nan,” ya ce.

Wallahi na so. Na hango gadona, na hango Mami da shayi. Amma in na tafi na zama Mai Fita ta biyu, su yi shekaru suna dariyar abin da ba su sani ba. Na ce masa mu koma.

A bakin layi yarinyar mai allo ta tare mu. Wannan karon na tsaya na faɗa mata da bakina, a taƙaice. Ko gira ba ta ɗaga ba.

“Wa ke riƙe miki wuri?”

Na dubi Efrain. Ya ce, “Mahaifiyata.”

Ta buɗe mana igiya. Ya kama hannuna da hannunsa na dama, ya shiga gaba yana buɗa hanya. Yanzu shi ke cewa yi haƙuri, ba mu hanya. Na ga yadda bayan wuyansa ke yin ja duk lokacin da aka yi mana tsaki. Muka shiga kogon, muka sha kwanar duwatsu. Na hango rigunan ruwan ɗorawa a jere gaban kunkuru, Doña Migdalia a gaba ta harɗe hannu a ƙirji. Saura kaɗan mu isa sai wani ƙato mai hula ya tokare hanya da kafaɗarsa.

“Ku dube su, lafiyarsu ƙalau. Mayaudara kawai!”

Efrain ya tsaya cak. Ya buɗe baki, ya rufe, ya juyo ya dube ni. Ba zai faɗa ba sai na ce, don ba maganarsa ba ce.

Na ɗaga murya yadda za ta kai gaban kunkuru.

“Bawan Allah, ba ni da babban hanji. Leda ce a manne a cikina, ita ta fashe na je na canja. In kana son gani in ɗaga maka riga.”

Ban san kogon na amsa-kuwwa haka ba. Maganar ta je ta dawo. Ƙaton ya matsa har yana take ƙafar matarsa. Matan yayye suka sauke wayoyinsu. Don Heriberto ya cire hularsa, ban san dalili ba.

Muka ƙarasa. Doña Migdalia ta dubi fuskata, ta sauke ido kan cikina, ta dubi rigar ɗanta a jikina, ta dubi singiletinsa. Ta daɗe a haka, mutane na raɓawa ta gefenmu suna wucewa. Sannan ta miƙa masa hannu, tafin a buɗe.

“Efrain, ba ni zoben uwata.”

Ban san ko karɓewa za ta yi ko me ba, fuskarta ba ta nuna ba. Zoben na aljihunsa na dama, sai ya sake ni zai iya ciro shi. Hannunsa na dama kuwa yana cikin nawa, ya jiƙe da gumi, kuma bai sake ni ba.